Koren da Inna Ta Gani a Bango

Shekara tara ke nan da rasuwar Innarmu, amma har yau in na ga jan faifai a kasuwar Anka sai na tsaya.

Saƙar faifai ce sana'arta, da ita ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. Ta fi son jan ratsi a zagaye da fari, takan wuni ido na kansa. Shekarar da gubar dalma ta auka wa ƙauyukanmu, ta je gaisuwar mutuwa ƙauyen Abare ta dawo a tsorace. Bayan kwana kaɗan ta ɗaga kai daga saƙa, sai ta ga zoben kore na yawo a farin bango. Ta ce a ranta shi ke nan, dalma ta ci idonta. Ta jingine kaba, ta daina raha, ba ta gaya wa kowa ba.

Amma Inna ba ta iya zama da shakka. Wata hantsi ta tara mu, 'ya'ya da jikoki, ta kafa jan faifai a gabanmu.

"Ku zura mai ido, kada wanda ya ƙyafta. To, ku dubi bango. Mi kunka gani?"

"Kore, Inna!"

Ta yi dariya har da hawaye. "Ashe gidan ga duk makahi na!"

Daga baya wata ma'aikaciyar asibiti ta bayyana mana cewa ido kan gaji da launin da ya daɗe yana kallo, in ya koma kan fari sai kishiyar launin ta fito, jim kaɗan ta gushe. Inna ta ce ai kowa ya daɗe zai ga daɗau.

Yanzu jikokinta waya suke ƙura wa ido. Na san da tana nan sai ta ƙwace, ta tura su duban bango. Faya-fayan roba kuwa da suka cika kasuwa, ba na jin za ta gaisa da mai sayar da su.

Ba ta bar mana gona ba, ba ta bar mana shanu ba. Ta bar mana halin nan nata: abin da ya ba ka tsoro, kira jama'a ku duba tare. Ina kewarta ƙwarai. Idon da ta ji wa tsoro kuwa bai ci amanarta ba. Ranar da za ta cika, daga bakin ƙofa ta hango ni, ta ce in gyara hulata, ta karkace.

Allah ya haskaka kabarinki, Inna.