Rezar Goggo Dudu

Duk wanda ya taɓa aron littafi a hannun Goggo Dudu ya san ƙarar nan: ƙiiit! Za ta zauna a kan tabarmarta a gindin mangwaron gidanmu na unguwar Barade, ta ɗora littafin a cinya, ta lashi yatsa, ta buɗo shafi biyar na ƙarshe. Sai ta zaro reza daga bakin ɗankwalinta ta yanke su tas. Sannan ta miƙo miki littafin tana murmushi kamar ta ba ki kyautar saniya.

"Ungo. In kin gama ki dawo min da shi, in ba ki ƙarshen."

Shafukan kuwa sai ta naɗe su, ta ɗaure da zare, ta jefa cikin babbar kwallarta mai furanni da ke ƙarƙashin gado.

'Yan guruf ɗinmu na karatu, kun ce in rubuta wani abu a kanta, tunda ni ce 'yar ƙaninta da ta tashi a ɗakinta. To ga shi. Amma ku sani, akwai littafi guda da ta wahalar da ni a kan ƙarshensa har ta koma ga Allah, kuma zan zo kansa.

Asalin rezar nan Adda Hajara ce ta jawo mana. Malamar firamare ce, aka yi mata canjin wurin aiki zuwa garin Mutum Biyu, ta tattara kayanta har da littafin Goggo. Goggo ta jira wata guda, ran nan ta yafa gyale ta nufi tasha. Adda Hajara na cikin hura wuta ta ji sallama.

"Lale, Goggo! Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ba wajenki na zo ba. Littafina na zo gaisarwa."

"Ki zauna mana ki sha ruwa."

"Ina yake?"

Ashe yana hannunta. Da shi take fifita gawayi! Goggo ta karɓa, ta kaɗe tokar, ta shafa bangon kamar kan maraya, ta juya ko ruwan ba ta sha ba. A tashar Mutum Biyu ta sayi rezarta ta farko. Tun daga ranar babu littafin da ya sake wuce sati a waje, don ko ɓarawo ne sai ya dawo ya ji yadda aka ƙare.

Kuma kun san ba a nan wahalar ta tsaya ba. In kin dawo da littafi, sai kin zauna, ta ajiye miki dafaffiyar gyaɗa, ta ce, "To, a ganinki yaya aka ƙare?" In kin faɗa daidai ta ce kin leƙa kwalla. In kin kuskure ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Sai ta gama shan daɗinta sannan ta jawo kwallar da ƙafa.

Goggo ba ta kiran littafi da sunansa. Wannan "na direban tanka" ne, wancan "mai baƙin bango wanda kowa ya mutu", ɗayan "na shashashar nan da ta ƙi likita". Ba kuma ke ce za ki zaɓa ba. Kallonki za ta yi sama da ƙasa kamar mai kemis.

"Ke idonki ya nuna an ɓata miki rai. Ɗauki na direban tanka, safe da yamma."

Ni kuwa Uwar Hawaye take ce min, don ko kaza ce ta mutu a labari sai na jiƙa matashin kai. Ina da shekara goma sha huɗu na fara karatun littattafanta, kuma har yau in na ji ƙarar babur a ƙofar gida sai zuciyata ta ce ƙila wani ne da ya yi shekara bakwai yana nemana. Yawanci mai gyaran famfo ne.

Babbar abokiyar faɗanta ita ce Madam Rifkatu, maƙwabciyarmu, tsohuwar nas da ta yi ritaya, mai Hausar nan da kowa namiji ne a bakinta. Su biyun nan ba su taɓa yarda a kan littafi ɗaya ba.

"Goggo, wannan yarinya ya yi wauta," in ji Madam. "Likita fa! Ya bar likita ya bi mai ɗinki?"

"Ke ai asibiti ya cinye miki zuciya, Rifkatu. So ba ya duba takardar makaranta."

"So zai saya masa magani?"

"Tashi ki bar min tabarma!"

Madam ta tashi, ta kai ƙofa, ta dawo. "To ba ni ƙarshen tukuna."

Amma wanda ya fi ba mu dariya shi ne Baffa Hammadu, wan marigayi mijinta. Mijin Goggo direba ne, hanyar Gembu ta cinye shi tun kafin a haife ni, ba ta kuma sake aure ba. Baffa ya ɗauki kula da tarbiyyar gidanmu a matsayin aikinsa. Duk zuwansa sai ya yi wa'azi: littattafan nan ɓata lokaci ne, su ke sa 'yan mata ƙona miya. Ran nan da hantsi sai ga shi yana tafe yana waige-waige, ya zaro na direban tanka daga aljihun babbar riga.

"Dudu, wannan a ɗakin uwargidana Inna na tsince shi. Ta ce wai akwai sauran takardu a wajenki."

"Inna? Yaushe Inna ta fara karatun boko, Baffa?"

"Karanta mata ake yi."

"To ta zo da kanta. Ka san dokar gidan nan."

"Ƙafa na damunta."

"Allah ya ba ta lafiya. In ta warke ta zo."

Baffa ya gyara hula, ya yi kamar zai tafi. Ya kai bakin zaure sai ya tsaya, ya rage murya.

"Amma dai... tankar da ta kama wuta, ba ya ciki, ko?"

Goggo ta dube shi, ta tura masa kwanon gyaɗa. "Zauna, Baffa. A ganinka yaya aka ƙare?"

Wallahi ya zauna! Har la'asar!

Da karatu ya koma waya muka ce shi ke nan, an karya mulkin reza. Ina! Ku da kanku kuka saka ta a guruf, ku kuka jawo wa kanku. Da ta ga yadda marubutan waya ke yanke labari daidai inda numfashi ya tsaya, su ce sai wani lokaci, sai ta tafa hannu.

"Kay! Dabarata suka sata, ko useko na godiya ba su ce min ba!"

Ba ta iya latsa rubutu ba, sai saƙon murya, minti goma-goma, da carar zakara a baya. Wani ya tambaya me ake karantawa wannan satin, sai ka ji ta: "Wancan na attajirin da ke da jirgi uku kada wanda ya ɓata cajinsa. Mutum kullum yana cikin wanka da turare, yaushe yake neman kuɗin?" Kafin magariba duk guruf an koma kansa. Har yau in na ga kuna cewa "wa ke da ci gaban na malamar jinya?" ko "ku nemi na 'yan gudun hijirar nan, akwai kuka", sai in ji kamar saƙonta zai shigo ya watsa taron.

To, ga nawa labarin.

Bayan sallar layya da ta wuce na ce mata na gaji, duk labaran waya sun zama ɗaya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon littafi. Babu bango, babu suna, takardar ta yi ja, har da tabon mai. Ban ji ƙarar reza ba, ta ce wannan tuni ta yanke.

Jama'a, ban taɓa karanta abu irinsa ba. Wata mai saƙa ce, masoyinta ya tafi neman aiki, shekara tara babu wasiƙa. Kullum da yamma sai ta je tasha ta tsaya. Ran nan aka ce mata yana cikin motar da ke tafe. Motar ta tsaya, aka buɗe ƙofa, ƙafa ta sauko. Shi ke nan. Takarda ta ƙare.

Da gudu na same ta tana tsintar wake.

"Goggo, shi ne? Don Allah shi ne?"

"Wannan dokarsa daban ce. Ba a faɗa da baki. Rubutowa za ki yi."

Na rubuto. Ya dawo da mota tasa ta kansa, da akwatuna goma sha biyu. Goggo ta karanta ta taɓe baki.

"Mai mota me ya kai shi motar haya? Sake."

Na sake. Wannan karon gawarsa aka sauko da ita, ita ma ta faɗi a kai ta cika. Ni da na rubuta sai da na yi kuka.

"Uwar Hawaye, kisan kai kika koma? Mutum biyu a shafi ɗaya? Sake."

Na uku na zuba duk abin da na koya tun ina 'yar sha huɗu. Ya durƙusa a tsakiyar tasha, ya kira ta tauraruwa, ya kira ta sanyin idaniya, shafi huɗu cur yana magana.

"Bawan Allah ya wuni a mota, ƙafa ta kumbura, ba za ki bari ya sha ruwa ba? Sake."

Na yi fushi. Na tambaya a guruf, kun tuna, ko akwai mai wannan littafin. Matasa suka ce ba su san shi ba, manya kuma suka yi tsit, abin da sai yanzu na gane dalilinsa. Na zagaya masu tsofaffin littattafai a kasuwa, babu. Sati biyu ina gaishe ta a tsaye. Ana cikin haka ciwon ƙirjin nan ya kwantar da ita.

Ranar Talata na shiga ɗakinta da littafin da ƙarshe na huɗu. Rabin shafi ne kawai, don na gaji da ƙawa. Ta ce idonta ba ya gani sosai, in karanta mata. A ciki, shi ne ya sauko, ya rame, da jaka ɗaya mai tsinkakken hannu. Suka tsaya suna kallon juna. Ta karɓi jakar ta ce, "Ka daɗe." Ya ce, "Hanya ce ba kyau." Suka kama hanyar gida, tana gaba yana biye.

Goggo ta shafa gefen shimfiɗarta. Can ta ce, "Ajiye nan. Ki zo Juma'a in ba ki amsa."

"Goggo, kwallar fa ga ta nan ƙarƙashinki!"

"Juma'a na ce. Sarkin gaggawa."

Ranar Alhamis da safe ta rasu.

Bayan sadakar bakwai muka jawo kwallar, ni da Madam Rifkatu. Ina jin kunyar faɗa, amma duk da baƙin cikin, ɗokin ganin ƙarshen nan nake yi. Muka kwance ɗauri bayan ɗauri, kowanne muka mayar wa littafinsa. Na mai saƙa babu. A can ƙasa sai wata baƙar leda cike da takardu, rubutun hannu iri-iri. Ga na Adda Hajara. Ga na Madam, inda mutumin ya dawo da ciwon suga aka wuce da shi asibiti. Ga wani da ajami, an ɗaura aure a take da waliyyai da shaidu. Baffa Hammadu, Allah ya shirye ka!

Na dubi Madam. Tana dariya tana share hawaye.

"Babu ƙarshe, 'yata. A wajen mai ƙosai Goggo ya samu littafin a haka, shekarar da mijinsa ya rasu. Ƙarshen an riga an naɗe wa wani ƙosai da shi. Ni ma sai da na yi shekara biyu ina rubutu kafin ya gaya min."

Duk ku manyan da kuka yi tsit a guruf, na ga rubutunku ɗaya bayan ɗaya. Za mu haɗu.

Nawa na huɗu ba ya cikin ledar. Sai da muka zo naɗe shimfiɗarta muka same shi a ƙarƙashin matashin kai. Ta ɗinke shi da zare a bayan littafin, ɗinkin a karkace, irin na hannun da ƙarfi ya ƙare masa. A ƙasan shafin ta rubuta da fensir: "Haka aka yi."

Littafin yana wajena. Mai so ya zo Barade ya karanta a gindin mangwaro, akwai gyaɗa. Ba ya fita.

Allah ya jiƙan Goggo Dudu, ya yafe mata wahalar da ta ba mu, mu dai mun yafe. Ya miƙa mata littafinta a hannun dama, cikakke, babu shafin da ya ɓace. Ya sada ta da wanda ta daɗe tana jira. Amin.