Kujerar Gajere a Bakin Ƙofa

Gajere mai aski bai taɓa sauke mutum daga kujera ba tare da ya yi masa wa'azi ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, da madubi mai tsaga, da benci, da kujerar da ya tokare wa ƙafa da kwali. Ranar Lahadi shi ke koyar da masu shirin baftisma, kuma kowace shekara da ɗaya daga cikin littattafan bishara huɗu yake farawa, wadda ta fi sauran ukun gajarta.

"Wannan ba ta da lokacin gaisuwa," haka yake gabatar da ita. "Babu labarin haihuwa, babu jerin kakanni. Kana buɗewa za ka tarar da Yesu a bakin aiki, ya nufi gicciye. Ku lura da hannunsa. Daga nesa ma zai iya warkar da kuturu, amma sai da ya taɓa shi. Ƙazanta ba ta hau shi ba, tsarkinsa ne ya hau mutumin. Almajiransa kuwa kullum ba sa ganewa, kamar ni da ku."

'Yan aji kan yi dariya, har ranar da wani mai gawayi ya tsaya a ƙofar shagon. Asibiti ta daɗe da shaida cewa ya warke daga kuturta, sai dai cutar ta tafi da yatsunsa. Ba ya iya riƙe reza, gashinsa ya dunƙule. Gajere ya zaunar da shi, ya yafa masa mayafin kowa, ya dafa masa ƙeya. Bencin ya watse, har da wanda aka yi wa rabin aski.

Washegari yayan matarsa ya zo, dattijo ne a ikilisiya. Gajere na dafa kayan aski a tukunya kamar kullum.

"Ba a ce ka kore shi ba. Ka riƙa yi masa a bayan shago, da wata rezar. Mutane na ƙorafi, iyayen 'yan ajinka ma."

"Yaya, a bayan shago nake zubar da gashi."

"To za a karɓe ajin."

"A karɓa. Amma duk wanda aka ba, ya tsallake babi na farko, inda labarin kuturun yake, don zai ji kunya."

Aka kuwa karɓe. Abin ya ci masa rai ƙwarai, domin ya fi son ajin nan fiye da shagon. Matarsa ta ce taurin kansa ne zai kai su ƙasa, ta kuma ci gaba da wanke mayafin da hannunta. Mai gawayi da kansa ya roƙe shi a koma bayan shagon, kada ya rasa mutane saboda shi.

"Kai ma?" in ji Gajere. Ya jawo kujerar har bakin ƙofa, inda duk mai wucewa zai gani, kuma a nan ta zauna.

Wasu sun dawo, don babu mai gyara saje kamarsa. Ajin ne bai dawo ba, sai ya mayar da wa'azin kan duk wanda tawul ya riga ya ɗaure wa wuya.

Da tsufa ya zo, ta hannu ya kama shi. Reza ta fara rawa, ya yanki wani a kunne, labari ya zaga. Bencin ya sake watsewa, wannan karon ba wanda ya zo da ƙorafi. 'Ya'yansa suka ce ya rufe shagon, ya ce su rufe bakinsu.

Mai gawayi kaɗai bai fasa zuwa ba. Ya hau kujerar, ya kalli hannun da ke karkarwa a madubi.

"Zan iya yanka ka," in ji Gajere.

Mai gawayi ya sa dungun hannuwansa biyu ya kamo hannun, ya ɗora a kansa.

"Fara ta nan," ya ce. "Ka kuma sake ba ni labarin nan daga farko."