Gyaɗar Iri da Kasuwar Yini Ɗaya

Kakata, mahaifiyar babana, muna kiran ta Iya Abu. A Tsiga ta rayu, a nan ta rasu, kuma ban taɓa ganin ta ba yaro tatsuniya kyauta ba. Sai an yi mata aiki.

Ga yadda tsarin yake. Idan bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa ta gabas, sai ta sa a fito da buhun gyaɗar iri daga ɗakinta. Bayan sallar magariba, an ci tuwo an wanke hannu, mu jikokinta mu zauna kewaye da murhu. Ba don sanyi ba, don haske. Kowa da kasonsa a faifai. Mu ɓare, ƙwaya ta shiga ƙwarya, ɓawo ya shiga wuta. Ita kuwa tana kan kujerarta 'yar tsugunne, daidai inda take ganin bakin kowa.

Dokarta ɗaya ce. Duk inda ta tsaya a magana, dole mu amsa gaba ɗaya, "To, Iya." Na daɗe ina zaton ladabi take koya mana. Ashe so take ta ji wanda muryarsa ta toshe, don shi ne yake tauna.

"Kai, maigidana, buɗe bakin nan in gani." Haka take kira na, wasan kaka da jika.

"Iya, ba komai."

"Ba komai ne yake motsa maka kumatu? Ni dai an ba ni miji ɓarawo. Ƙwayar nan da ka haɗiye, bayan damina tafin hannu guda ce."

A cikin tatsuniyoyinta akwai wadda ba ta yin ta sai a ɓarar iri. Takan ce, "Ga wata ta iso, hannu ya yi aiki, kunne ya saurara." Mu ce muna ji.

Wai a shekarar agana, cutar ta shiga wani gari, sai sarkin kasuwa ya sa aka yi shela cewa kasuwa za ta ci gobe, daga nan a rufe ta sai cuta ta wuce. Akwai wani manomi, Tanko. Matarsa ta miƙa masa kaza ta ce gishiri ya ƙare, ya musanyo musu. Da zai fita, ya faki idonta ya saɓa jakar gyaɗar iri, wai ko zai ga wani abu.

A bakin kasuwa ya wuce wata tsohuwa mai gishiri, tana zaune shiru. Ya ce zai dawo ta kanta. Bai yi nisa ba mai talla na farko ya tare shi da ƙullin turare, ya ce hayaƙinsa yana korar agana, kuma wannan ne ya rage. Tanko ya zuba masa kashi ɗaya na irin. Na biyu ya nuna masa tulun zuma, ya ce in aka rufe kasuwa har ya mutu ba zai sake lasar zuma ba. Ya zuba masa kashi na biyu.

A nan Iya takan rage murya. Na uku, in ji ta, ba ya ihu. Yana can ƙarshen kasuwa gindin tsamiya, da jar hula ɗaya a gabansa. A hankali ya ce, "Tanko, shekara nawa kana noma rana na dukan ka? Hula ɗaya ta fi ƙarfinka?" Tanko ya dube shi, sai ya ga fuskarsa irin tasa ce sak, har tabon da ke goshi. Ya zazzage masa sauran.

Da ya koma bakin kasuwa, tsohuwa ta naɗe tabarmarta ta tafi. Ya iso gida da kazar a hammata, ba gishiri, ba iri. Kwana kaɗan ruwa ya sauka. Maƙwabta suna shuka, shi yana tsaye a bakin gona da jar hula.

"Ta ƙare," in ji Iya. "Ku kawo ƙwarya in auna."

Na farko da na biyu mun gane su, mayaudara ne. Na ukun ne ya dame ni. Na tambaye ta ko ɗan'uwan Tanko ne.

"In ka girma ka je kasuwa ka duba," ta ce. "Za ka same shi. Ba ya fashin zuwa."

Na girma, na yi firamare, na koma gona, na yi aure, Iya ta rasu. Sai shekarar korona ta zo, aka hana zirga-zirga, ga azumi, ga damina a bakin ƙofa. Ni a lokacin ba wanda na yarda da shi. Masu cewa cutar za ta gama da mu ban yarda da su ba, masu cewa ƙarya ce su ma haka. Da aka ce za a bar kasuwar Malumfashi ta ci na yini ɗaya, na kira matata Hajara, na ɗauko takarda na ja layi a tsakiya. Hagu na abin da in babu shi tukunya ko jiki zai tsaya: gishiri, manja, sabulu, ashana, maganin hawan jininta. Dama na sauran.

Abin da muke da shi na sayarwa biyu ne, akuya ɗaya da rabin buhun gyaɗar iri. Akuya za ta ɗauki hagu. Dama kuwa sai in an taɓa irin, kuma shi kenan irin da ya rage mana.

'Yarmu Maryama tana tsaye a ƙofa ta ce, "Baba, atamfar sallah fa?"

Na rubuta ta a dama. Ta ga inda na rubuta, ta juya ta tafi.

Hajara ta karɓi takardar ta daɗe tana dubawa. "Malam, wannan na ƙasa a hagu fa?"

"Rediyo. Nawa ya mutu. Lokacin annoba labari buƙata ne."

"Na Malam Audu da ke cika mana kunne ta katanga tun asuba, shi ba labari yake faɗi ba?"

Na ce mata ta bar ni da tsarina.

Da safe na ɗaura akuya a babur. Irin na bar shi a gida, amma akwai wani dillali da ya yi sati yana zarya a kansa, kuma shi na fara gani a kasuwa.

"Alhaji, gyaɗa ta yi daraja. Ka ba ni yau, lokacin shuka ka sayi wata."

Ban taɓa zuwa Makka ba, kuma ya sani. Duk wanda ya ba ni Alhaji a kasuwa, nakan dafe aljihuna. Na ce masa ba ta sayarwa ba ce.

Kasuwar ta cika fiye da jajibirin sallah, kowa na ture kowa, rabin mutane takunkuminsu a haɓa. Wani ya miƙo mini kwalba, wai cokali ɗaya yana kashe korona, saura biyu. Na leƙa ƙarƙashin teburinsa na ga kwali cike. Wani ya ce in kwashi shinkafa da taliya, wai daga yau sai baɗi. Na wuce su ina jin daɗin kaina. Na ce a raina, Iya Abu ta riga ta nuna mini ku. Na sayar da akuya, na bi takardata daga sama zuwa ƙasa, gishiri farko.

Sai na iso rumfar masu rediyo, kuma abin da ya rage a hannuna bai kai ba. Mai rumfar bai kira ni ba, yana can yana gyangyaɗin azumi. Na ɗauki wani baƙi mai eriya biyu, na juya shi. Na ji ana ce mini, ai ba duka irin za a sayar ba, rabi ya isa, gonar ma bana ba lallai a shuke ta duka ba. Shekara nawa kana noma, rediyo ɗaya ya fi ƙarfinka? Sai na tarar idona yana yawo cikin jama'a yana neman dillalin nan.

Na waiwaya. Ba kowa a kusa da ni. Muryar tawa ce, kuma tun jiya take magana, tun lokacin da ta tura atamfar yarinya dama ta ajiye rediyo a hagu.

Na mayar da shi inda na ɗauka.

Na koma gida ba rediyo, ba atamfa. Hajara ta duba kayan ɗaya bayan ɗaya, ta dube ni. Maryama ta yi sallah da tsohon zanenta, ta yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ban ba ta haƙuri ba, kuma ba na cewa na kyauta a nan. Muka zauna muka ɓare irin bayan magariba, ina kallon bakin kowa. Ruwa ya sauka, muka shuke gonar har iyaka.

Da muka cire gyaɗa, abin da na fara saya atamfar Maryama ce. Labarai kuwa har yau ta katangar Malam Audu nake ji.

Na ɗauki shekaru ina zaton Iya tsoron 'yan kasuwa take koya mana. Waɗannan masu sauƙi ne, suna ihu, kana hango su daga nesa. Har yanzu ina jan layi a takarda kafin in fita, amma sai na miƙa wa Hajara ta duba hagu, domin mai talla na ukun nan ya iya rubutu irin nawa, kuma a babur ɗaya muke zuwa kasuwa.