Da Hannuna Na Shafa Wa Gidan Mai Masaukina Jan Fenti

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, ina saurayi sabon fitowa daga lakwal, wato makarantar boko, na baro Damagaram na zo Yamai aiki. Aka ɗauke ni komi, wato akawu, a biro, ofishin da ke kula da filayen gari. A lokacin duk wanda ya iya riƙe alƙalami gani yake da shi za a gina ƙasa, ni ma haka nake ji da kaina. Ban san kowa ba a birnin sai wani tsohon tela, mutumin garinmu, da mahaifina ya haɗa ni da shi kafin ya rasu. Gidansa na wata 'yar unguwa a bayan Zongo. Ya ba ni ɗakin zaure, matarsa ta sa ni cikin kwanon gida, kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai ɗana. Ni kuma Baba nake ce masa.

Wata rana shugaban bironmu ya shimfiɗa taswirar gari a kan tebur, ya ce in kwafe jerin gidajen da sabuwar hanya za ta ci. Ina bin layin da yatsa sai na ga ya ratsa ta tsakiyar gidan Baba. Shugaban ya ja mana kunne cewa magana ce ta sirri har bayan damina, don kada mutane su ruga gine-gine saboda diyya, kuma duk wanda ya fasa ƙwai ranar zai bar aiki, wataƙila har jandarma su shigo ciki. Na san wani abu kuma: wanda ya kawo takardar shaida daga mai unguwa kafin a rufe rajista, za a ba shi sabon fili. Baba ba shi da takarda. Wani dattijo Bazabarme ne ya nuna masa wurin da baki tun zamanin Nasara, dattijon kuma ya riga mu gidan gaskiya.

Haka na kwashe watanni ina cin tuwon mutumin nan da maganar a cikina kamar dutse. Ina kallo ya sayo azara da kwanon rufi, ya tayar da sabon ɗaki saboda babban ɗansa zai dawo daga Kumasi da iyalinsa. Har taya magina miƙa tubali na yi. Da raɗe-raɗi ya fara yawo, wani direba maƙwabcinmu ya je ya karɓi takarda, ya ce wa Baba shi ma ya je. Baba ya same ni bayan la'asar ya tambaye ni, tun da ni ke cikin biro, ko da gaske ne hanya za ta biyo ta nan. Na tuna mahaifiyata da ƙannena da ni kaɗai suke kallo a Damagaram, na sunkuyar da kai na ce ban ji komai ba. Ya yi hamdala, ya ce wa direban ba zai wahalar da ƙafarsa ba, yana da ɗa a ciki. Daga ranar na rasa mafita. In na faɗa, aiki ya tafi, kuma na tabbata maƙaryaci. In na tashi daga gidan, babu inda zan samu ɗaki. Kullum sai in ce gobe, har aka rufe rajista.

Ranar sa alama, ni aka haɗa da ma'auna fili, wai don na san unguwar. Baba na bakin ƙofa a kan keken ɗinkinsa na iso da gwangwanin jan fenti. Ya tsayar da keke yana kallona har na gama shafa wa bangon. Bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, tun yaushe na sani. Na ce tun kafin damina. Ya jinjina kai, ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa ta zuba wa ɗansa abinci, wato ni, rana ta yi. Ban iya kai loma ɗaya baki ba.

Katafila ta rushe gidan har da sabon ɗakin da ba a taɓa kwana ciki ba. Baba da iyalinsa suka koma can gefen Lazaret, wanda a lokacin daji ne, suka kafa bukkar zana. Masu kawo ɗinki ba su bi shi can ba. Ni kuwa ba a daɗe ba aka ba ni fili cikin kason ma'aikata. Na je na roƙe shi ya karɓa, ya ce gwamnati ta ba ma'aikacinta ladan amana, shi ba zai ci haƙƙina ba. Bai jima ba ya rasu a bukkar. Daga baya na ji wani abokin aikina ya raɗa wa danginsa labarin tun farko, kuma ko gira ba a ɗaga masa ba.

Ban ce kada gari ya yi hanya ba, ni ma ina bin ta. Amma na gane tsoron da ya ɗaure ni ya fi haɗarin girma, kuma ko da ban faɗi sirri ba, ba abin da ya hana in ce masa ya je ya karɓi takarda. Ku masu gida, ku nemi takardarku, kada ku dogara da cewa kuna da wani a ciki. Ku kuma yaranmu da ke zaune a kan taswirar gari yau, ku sani ƙarƙashin kowane layi akwai mutane. Aikin da na kare na yi ritaya na bar shi, amma har yau ban iya yafe wa kaina ba.