Ranar da Na Zama Bakin Kaka a Damagaram

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, yinin da na yi a Damagaram tare da kakata ba zai fita raina ba. Yini ɗaya ne tak, ko kwana ba mu yi ba.

Lokacin ina ƴar lakol, wato makarantar boko, a ƙauyenmu, kusa da Gangara. Kunya gare ni ƙwarai. Ko malamin lakol ya yi tambaya na san amsa, sai in sunkuyar da kai ina kallon ƙafafuna. Kaka kuwa haifaffiyar Birni ce, tsohuwar unguwar Damagaram, aure ya kawo ta ƙasarmu ta Damargu, kuma tun rasuwar iyayenta ba ta sake komawa ba. Wata rana wani mai sayen fata ya kawo labari cewa yayanta yana raye, amma jiki ya yi nauyi. Ta ce sai ta gan shi. Damina ce, manya duk suna gona, idanunta kuma sun fara hazo, sai aka ce in raka ta tunda muna hutu.

Mun tashi bayan asuba a motar wani ɗan garinmu. Da ya sauke mu a tasha ya ce, "Iya, da an yi la'asar zan tashi. Gobe kasuwa ce, ba na kwana."

Tun daga bakin Birni na shiga kalle-kalle. Mu a wurinmu rairayi ne shimfiɗe har iyakar gani, amma nan duwatsu ne manya, wani a kan wani, kamar an aje su da hannu an manta. Na ga gida da aka jingina da dutse, dutsen ya zama bangonsa guda. Na ga ragowar ganuwa, ruwan sama ya cinye kanta amma ta ƙi faɗuwa. Muka wuce ta gaban fada, na ɗaga kai har kallabina ya zame. Abin da ya fi kama ni shi ne zanen jikin gidaje. Ba da alli aka yi ba, da laka aka tayar da shi, ya kewaye ƙofar zaure yana shiga cikin kansa yana fita. Na sa yatsa na bi wani layi don in ga ƙarshensa, har hannuna ya kasa kaiwa ban same shi ba. A wani wuri na ga sawun yatsun magini a jikin yaɓe. Na ɗora nawa a kai, na san mai yatsun ya daɗe a ƙasa.

Kaka ta tafi da ƙarfinta da farko. Ta ce akwai rijiya a bakin lungunsu, da bishiyar kurna. Muka shiga lungu muka fita lungu, babu rijiya, babu kurna. Ta tsaya tana waige-waige, ta ce a hankali, "Ƙawata, garin nan ya juya mini baya."

Muka iske wasu dattawa a ƙofar wani zaure. Bayan gaisuwa mai tsawo, ɗaya ya ce, "Gidan wa kuke nema, Iya?"

Nan matsalar ta fito. Sunan yayanta ɗaya ne da sunan mijinta, wato kakana da ya rasu. Kaka ba ta taɓa kama sunan nan da bakinta ba tun ranar da aka kai ta ɗakinsa, mutuwarsa kuma ba ta canza komai ba. Ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Mai sunan marigayi."

"Allah ya jiƙansa. To mu ina muka san marigayi?"

Suka shiga jero sunaye suna dariya, tana girgiza kai. Sunan ba irin wanda ake ji kullum ba ne, babu wanda ya dace da shi. Ni na san shi, don har yau mutanen garinmu da shi suke kiran gonarmu. Kaka ta taɓa ni da gwiwar hannu. Na buɗe baki, idanun dattawan nan duk suka dawo kaina, sai harshena ya yi nauyi kamar an ɗaure shi. Ana cikin haka aka kira azahar, suka tashi suna cewa Allah ya sa mu dace.

Ba ta yi mini faɗa ba, shi ne ya fi ci mini rai. Muka ci gaba da yawo, rana ta karkata, inuwar katangu ta fara rufe lunguna. Daga baya ta zauna a kan wani dutse, ta cire takalmanta, na ga ƙafafunta sun kumbura. Ƙullin busasshiyar kuɓewa da tulun man shanu da ta ɗauko masa suna kan cinyarta. Ta ce, "Mu koma tasha. Allah bai nufa ba. Ma haɗu a can."

Na gane inda take nufi da can. Ban san lokacin da na miƙe ba. Gaba kaɗan akwai wata mata tana dama fura a ƙofar gida, da mutane tsaye suna jira. Na je na durƙusa, na rufe ido, na faɗi sunan. Ashe da ƙarfi na faɗa, har wani mai keke ya waiwayo.

Matar ta saki ludayi ta yi dariya. "Ke ƴar nan, ai ba kurma ba ce ni! Baduku kike nufi, tsohon nan mai ɗinkin fata?"

Kaka daga inda take ta ce, "Shi! Gidanmu gidan dukawa ne!"

Matar ta bar furarta a hannun maƙwabciya, ta kama hannun Kaka da kanta. Ashe mun wuce bakin lungun tun da hantsi. An rufe rijiyar, kurnar kuma ta faɗi tuntuni.

Mun same shi kwance a zaure a kan buzu, ƙanshin jan fata ya cika wurin. Kaka ta yi sallama. Ya ɗaga kai, ya ce, "Sake yi." Ta sake. Sai ya yunƙura ya zauna, ya kira ta da wani suna na yarinta wanda ban taɓa ji ba, har ƴaƴanta ma ba su san shi ba. Ni da na ɗauka Kaka da tsufanta aka haife ta, sai ga ta tana kuka kamar ƙanwata.

Ya ce, "Damargu ta cinye ki, ko aike babu."

Ta ce, "Kai da ke da ƙafa, me ya hana ka?"

"Ni in je garin da babu inuwa?"

Suka yi dariya da hawaye a fuska. Suka yi ta lissafa waɗanda suka rasu, shi ya faɗi suna, ita ta ce Allah ya jiƙansa. Ni ina gefe ina kallon hasken rana da ya shigo ta wata ƴar taga, yana hawa bango a hankali. Da aka kira la'asar, ya riƙe hannunta ya ƙi saki, sai da ta ce masa mota ba ta jira. Muka isa tasha direba ya riga ya tayar da inji, yana ta mita. Kafin a yi girbi labarin rasuwarsa ya iso mu.

Na koma Damagaram sau da yawa bayan na girma, amma ban sake ganin garin da girman ranar nan ba. Abin da na ɗauko daga can shi ne, ni da Kaka duka kunya ta rufe mana baki, amma ba iri ɗaya ba ce. Tata girmama mutum ce, ta riƙe ta har ta koma ga Allah. Tawa tsoron idon mutane ce kawai, kuma saura kaɗan ta hana wa da ƙanwa ganawarsu ta ƙarshe. Har yanzu ni ba mai yawan magana ba ce, amma in na ga shiruna zai cuci wani, nakan buɗe baki ko muryata tana rawa.