Katakon da Bai Sha Gam Ba

Yayana mai jirgin ruwa ne. Ba irin manyan nan masu bene ba, na katako ne, mai ɗaukar mutum goma sha biyu da kayansu, ya ƙetare da su kogi safe da yamma. A bakin ruwa Dogo ake ce masa, ko da yake ni ban ga wani tsawon a zo a gani ba, rama ce kawai. Jirgin na babanmu ne. Da Baba ya rasu ni na sami keken ɗinki, Yaya ya sami jirgi, kuma tun daga ranar ba shi da wata sana'a, ba shi da wata hira. Ka zauna da shi minti biyar, sai ka san wane katako ne ke ƙara, wace ƙusa ce ta yi tsatsa. Matarsa kan ce da jirgin nan ya iya girki, da tuni an ba ta takardarta.

Abu guda Baba ya dasa masa a kai: jirgin katako ba a barin sa ya bushe. In ya bushe katakai su tsuke, tsakaninsu ya buɗe, ranar da aka mayar da shi ruwa ya yi ta sha kamar kwando. Saboda haka duk lokacin da aka jawo shi tudu don gyara, sai a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, a yi ta yayyafa masa ruwa safe da yamma. Shekara talatin da wani abu hannun Yaya na kan bokitin nan, ko zazzaɓi yake yi sai ya je.

To, jirgi ya tsufa, ya fara yoyo. Yaya ya toshe da auduga da kwalta, ya liƙa gwangwani, ya sake toshewa. A banza. Fasinjoji suka koma zama da ƙafafu a ɗage, daga baya suka koma jiragen faiba, na roba mai tauri, na masu hali. Ranar da wata mata ta tarar buhun garinta ya jiƙe, ta wanke shi tas a gaban jama'a, ya dawo gida ko abinci bai taɓa ba.

Ni ce na kawo maganar gam, Allah Ya sani ni ce. A wajen wata da nake wa ɗinki na ji labarin ifoksi, wani gam mai gwangwani biyu, in aka haɗa su aka shafa wa katako sai ya daskare kamar gilashi, ruwa ba ya ratsa shi. Na yi ta yi wa Yaya naci har ya sayar da babur ɗinsa, muka tafi shago tare, don shi karatu bai dame shi ba.

Mai shagon ya jera mana gwangwanaye a kan kanta. Ya nuna wani mai wari, ya ce wannan ya fi araha amma ba ya kama katako sosai, shekara guda ya fara ɓarewa. Ya nuna ifoksin, iri biyu: mai ruwa-ruwa da ke shiga jikin katako, da mai kauri na cike tsaga.

"Wanne ne ba a komawa kansa?" in ji Yaya.

"Ifoksin mana. Awo biyu na wannan, awo ɗaya na wancan, kada ka yi da ka. Kuma ka tabbata jirgin ya bushe."

"To, to," in ji Yaya, hankalinsa na kan ƙyallen faiba da ake auna masa.

Abin da ke ci mini rai ke nan har gobe: bai yi ganganci wajen zaɓe ba. Mai kyaun ya saya, bai rage komai ba.

Aka jawo jirgi tudu aka kife shi. Mako biyu Yaya na kankare tsohuwar kwalta, yana gogewa da samfefa har yatsunsa suka yi jini. Kuma kowace safiya, kowace yamma, ga buhuna, ga bokiti. Ana gobe za a shafa na zauna a kan wani kututture na karanta masa takardar da ke jikin gwangwanin.

"Yaya, an ce fa sai katako ya bushe ƙamas har ciki, ko da zai ɗauki makonni."

"Wanda ya rubuta wannan ya taɓa riƙe filafili?"

"Ni dai abin da ke rubuce na faɗa."

"Ke allura kika sani. In na bar shi makonni a rana, ta tsakanin katakan nan sai ki zura hannu. Na cire buhunan tun safe, zo ki taɓa ki ji."

Na taɓa. Sama-sama a bushe yake, har da ɗumi. Yayana ne, kuma a kan jirgi ban taɓa jin ya yi kuskure ba. Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, ranar da ya kamata in yi masifa sai na yi shiru.

Aikin kuwa ya yi shi kamar mai yi wa jariri wanka. Kaɗan-kaɗan yake haɗawa da kofin awo, don in aka haɗa da yawa gam ɗin zafi yake ɗauka ya daskare a cikin roba. Ya shafa mai ruwan, ya cike tsagogi da mai kaurin, ya shimfiɗa ƙyallen ya bi shi da buroshi har babu kumfa ko ɗaya. Ya gama waje, ya juya jirgin ya yi ciki, ko'ina ya rufe ruf. Katako ɗaya kawai ya bari, na can baya inda Baba ke zama yana tuƙi, wanda zama ya goge shi ya yi sumul. Ya ce wannan ba ya buƙatar ƙyalli.

Kai, jirgin nan ya yi kyau! Ko ɗigo ba ya shiga. Fasinjoji suka dawo, har da matar nan mai gari, ba kunya. Yaya ya yi ƙiba, ya riƙa tsokana ta yana cewa ina takardar taki, malama? Na ce na ji, na sha kaye. Wallahi da daɗi na sha shi.

Damina biyu muka yi a haka. A ta uku wasu ƙuraje suka fito a cikin jirgin. Yaya ya huda ɗaya da ƙusa, wani baƙin ruwa mai ɗoyi ya tsarto. Ya kira tsohon kafintan da ke ƙera jirage a bakin ruwan, ni ma na bi su. Tsohon ya zaga yana ƙwanƙwasawa da guduma. Maimakon ƙwas-ƙwas sai muka ji bus-bus. Ya fasa wuri guda, ya soka wuƙa, ta shige har ƙota kamar a jiƙaƙƙen burodi.

"Dogo, a jiƙe ka shafa?"

Tsohon ya zare wuƙar, ya ci gaba.

"Ka kulle ruwa a ciki, ɗana. Da can yana sha yana fitarwa. Yanzu ba hanyar fita, sai ya zauna ya cinye katakon."

"A sauya waɗanda suka lalace mana, Baba."

"A kafa su a jikin me? Duba nan. Duba can. Ɓawo ne kawai ya rage."

Suka bi katakai ɗaya bayan ɗaya har rana ta take. Duk sun ruɓe. Guda ɗaya ne ya amsa guduma da ƙarfi, na bayan nan da bai sha gam ba.

Sabon jirgi ba maganar irinmu ba ce. Yanzu Yaya dako yake yi a bakin ruwan, yana loda wa jiragen faiba kaya, mutum mai shekara hamsin da biyar da ciwon gwiwa. Waɗanda ya ƙetarar shekara da shekaru su ne ke ce masa, "Dogo, ɗauko wancan buhun." Bai taɓa ce mini ke kika jawo ba. Da ma zai faɗa, mu yi faɗa, in sami inda zan sauke abin da ke ƙirjina. Ni ma ban taɓa ce masa ai na gaya maka ba.

Katakon nan ya ciro shi ya kawo gida, ya jingine shi a bayan ɗaki. Shekaranjiya na je da sassafe kai wa matarsa ɗinki, na tarar da shi a tsugune a wurin. Ya lulluɓe katakon da buhu, yana yayyafa masa ruwa daga bokiti.

"Yaya, me kake yi?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kada ya tsage."