Tauraron da Muka Kulle a Kabad

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na uku a wata jami'a a nan New York, na taɓa shiga cikin masu haɗa tauraron ɗan'adam. Ban cika son faɗin haka ba, domin da zarar mutum ya ji sai ya gyara zama yana jiran wani gagarumin labari. To, namu bai fi burodi mai yanka-yanka girma ba. Da hannu ɗaya za ka ɗauke shi, in da za a bar ka ka taɓa. An sa masa kyamara da za ta riƙa leƙo ƙasa daga sama, tana auna yadda ruwa ke taruwa a bakin koguna kafin ya yi ambaliya. Ni kuwa 'yar bakin Binuwai ce, na san abin da ruwa yake yi wa gona da ɗakin ƙasa. Shi ya sa da na ji labarin aikin na manne wa farfesan da ke jagorantarsa har sai da ya ɗauke ni.

A unguwar Soundview da ke Bronx nake zaune a lokacin, a gidan yayata mai aikin jinya. Mahaifiyata a gida ta riga ta gaya wa dukan matan majami'arsu cewa 'yarta tana ƙera roka a Amurka. Gaskiyar magana, rabin yinina yana ƙarewa ne wajen ɗaure ƙusoshi ƙanana kamar ƙwayar gero, ina sanye da farar riga da hula da safar hannu kamar mai shirin yi wa wani tiyata.

Wanda ya koya mini kusan komai shi ne abokin aikina, wani ɗan ƙasar Sin mai sanyin magana, wanda ya riga ni shiga aikin da shekara uku. Shi ya tsara kyamarar tun daga zane. Idon kyamarar ma, wato ɗan abin da ke ɗaukar hoton, a tsohuwar jami'arsu ta can Sin aka yi shi aka turo mana, da sharaɗin za a riƙa raba hotunan tsakaninmu da su. Ranar da na ƙona wani allon lantarki da muka yi wata biyu muna jiran zuwansa, kasa ɗaga kai na yi. Sai ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya ce in nuna masa yadda na riƙe ƙarfen dalmar. Bai gaya wa farfesa ba sai da ya gyara allon. Tare muke cin abincin rana. Na taɓa ɗanɗana masa yajin ƙuli da Mama ta aiko mini, daga ranar ya zama nauyina ne in riƙa kawo masa. Har a kan taliya yake barbaɗawa.

Damuwarmu ɗaya ce, kuɗin aikin sun kusa ƙarewa, ga shi ba mu da rokar da za ta ɗauki tauraron. Farfesa ya yi ta rubuce-rubuce zuwa hukumar gwamnati mai kula da harkar sararin samaniya, har Allah ya sa aka amsa. Za su biya sauran aikin, kuma za su ba mu gurbi a roka. Ranar mun yanka kek a ofis. Abokina ya kira matarsa a waya, na ga yana dariya har yana share ido.

Bayan mako biyu lauyar jami'a ta zo da takardu. Mace ce mai fara'a, kuma ta yi bayaninta a tsanake. Ta ce kuɗin na gwamnati ne, kuma akwai doka cewa ba a haɗa su da aikin da wata cibiya ta ƙasar Sin take da hannu a ciki. Saboda haka dole a cire idon kyamarar. Shi kuma abokina, tunda har yanzu sunansa yana cikin jerin malaman waccan jami'a, ba zai ci gaba da aikin ba. Ta nanata har sau uku cewa ba wanda yake zarginsa da komai. Ya tambaye ta, idan ya ajiye wancan muƙamin fa? Ta ce za a duba, amma dubawar tana iya cin shekara. Dukanmu mun san bizarsa a kan wannan aikin take, ba za ta jira shekara ba.

Ranar Litinin katinsa na shiga ya daina buɗe ƙofar ɗakin gwaje-gwaje. Bangon ɗakin na gilashi ne, ina ciki ina kallonsa yana goga katin sau ɗaya, sau biyu, sannan ya gane. Rigar sanyinsa ya manta a ciki. Ni na ɗauko na miƙa masa ta bakin ƙofa.

Da rana farfesa ya kira ni ofis, ya ce yana so in karɓi sashen kyamara gaba ɗaya. Na ce ai ni ma baƙuwa ce. Ya ce ya tambaya, an ce ƙasarmu ba ta cikin jerin waɗanda ake tsoro. Na yi dariya ban shirya ba. Wannan ne karo na farko da rashin tsoron ƙasata ya taɓa yi mini amfani.

Na koma gida na tarar da yayata ta dawo daga asibiti, ta tsoma ƙafafunta a ruwan ɗumi. Na zayyana mata komai, har da cewa ina jin kamar na hau kujerar mutum tun bai gama tashi ba. Ta saurare ni har ƙarshe.

"Ke kika kore shi?"

"A'a, Yaya."

"In kin ƙi karɓa, za su mayar da shi?"

"Ba za su mayar ba."

"To me kike so in ce miki?"

Daga nan ta tuna mini cewa ni ma takardar zamana a hannun makarantar nan take, kuma ta gaji da ganin 'yan gida masu digiri suna komawa wankin kwanuka saboda kunya. Ban ji daɗin maganar ba, amma washegari na je na ce wa farfesa na karɓa.

Sai da na yi kwana huɗu kafin na iya zuwa gidan abokina a unguwar Queens. Na tarar da akwatuna ko'ina a falo, matarsa tana naɗe kofuna a jarida. Na fara dogon bayanin da na haddace a cikin jirgin ƙasa, ya ɗaga hannu ya ce in bari. Ashe shi ne ya ba farfesa sunana. Ya ce gara ni da wani baƙo wanda zai zo ya fara koyon inda makunnin fitila yake. Muka sha shayi, muka yi hirar tsadar tikiti. Da ya rako ni bakin matakala sai ya tsaya, ya rage murya.

"Wayar lantarkin da ke gefen hagun kyamarar tana ɗaukar zafi. Kada ki yarda da awon farko, ki jira ta huce."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma ku yarda da ni, mako guda na yi ina tunanin ko wannan jimlar ta karya doka, ko ya kamata in kai rahoto. Haka tsoro ya mayar da ni. Ban kai ba. Na dai jira wayar ta huce.

Shekara biyu na yi ina sake gina abin da ya riga ya gina. Sabon idon kyamarar da muka saya a nan ya fi na da nauyi, sai da aka sake tsarin komai don ya shiga. Littattafan da ya rubuta bayanan aikinsa an kulle su a ofishin lauya. Duk kuskuren da ya yi ya wuce shekaru baya, sai da na sake yinsa da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma zaman jiran kasafin kuɗi duk shekara. 'Yan majalisa su yi ta ja-in-ja, mu kuma mu zauna ba mu san ko za mu sayi kayan gwaji ko mu fara neman wani aiki ba. Akwai lokacin da suka kasa daidaitawa har aka rufe ofisoshin gwamnati. Na aika wa jami'in da ke kula da mu tambaya, sai saƙo ya dawo da kansa cewa doka ta hana shi amsa wasiƙa sai an buɗe.

A tsakiyar wannan ne wani babban mutum da muke majami'a ɗaya, ma'aikacin jakadanci, ya gayyace ni wani taro na ƙasashe a kan haɗin kai a sararin samaniya. Na sa atamfata mai kyau na je. Wakilin Amurka ya tashi ya ce sama gadon dukan 'yan'adam ce. Wakilin Sin ya tashi ya faɗi kusan haka. Suka tafa wa juna, aka fita shan shayi, na gan su suna dariya a layin abinci. Da aka dawo zama na biyu barci ya ɗauke ni, sai da mai gayyatata ya taɓa ni.

Duk da haka mun gama. Aka ɗora tauraron a kan teburin da ke girgiza shi kamar yadda roka za ta yi, bai saki ko ƙusa ɗaya ba. Aka sa shi a ɗakin sanyi da na zafi, ya fito lafiya. Aka ce za a harba shi baɗi. Da baɗin ta zo aka ce sai wata baɗin. Sannan wasiƙa ta iso, sakin layi biyu kacal. An sauya alƙibla. Za a tattara kuɗi wuri ɗaya don a koma duniyar wata kafin Sin ta kai mutanenta, ƙananan ayyuka irin namu masu kallon ƙasa kuma an dakatar da su, tare da godiya bisa ƙoƙarinmu. Farfesa ya karanta mana a tsaye, ya cire tabarau, ya ce kowa ya tafi gida ya huta. Wato abin da ya fitar da abokina daga ɗakin shi ne ya dawo ya rufe ɗakin.

Ni na naɗe tauraron. Na sa shi a leda ta musamman, na sa a akwati, na rubuta sunansa a jiki, muka tura cikin kabad muka kulle. Ban yi kuka ba. Gajiya kawai nake ji, irin wadda barci ba ya maganinta.

A daminar shekarar ruwa ya ci gonar shinkafar Mama. Ba zan ce da an harba tauraronmu da gonar ta tsira ba, ƙarya ce. Hoto ba ya tare kogi. Amma da ta kira tana ba ni labari, sai ta tambaya yaushe ne abin nan nawa zai fara aiki. Na gaya mata gaskiya.

"To yanzu ina yake?"

"Yana cikin kabad, Mama."

 Sannan ta ce, "Ke dai kina cin abinci?"

Na gama digirina da ƙyar. Aikin da na samu bayan nan shi ne na sa na'urorin auna ruwa a ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa. Yayata takan ce na nufi sama na ɓuge a rami, kuma ba ta yi ƙarya ba. Aikin yana da kyau, ana biya a kan lokaci, kuma ba wanda ya taɓa tambayata ɗan wace ƙasa ne ya koya mini riƙe dalma.

Bayan wasu shekaru abokina ya turo mini imel da hoton roka tana tashi. Ya ce sun harba wani irin namu a can, da tsohon tsarinsa, kuma yana aiki. Ba wata doka da ta hana ni amsawa a lokacin, amma sai da na yi mako uku. Na rubuta masa barka, na tambayi iyali. Ya amsa, na amsa, daga nan zancen ya mutu da kansa.

Idan na ga ana musu a nan kan wa zai riga wa zuwa wata, wasunku sukan tambaye ni ɓangaren da nake. Ba ni da amsa mai daɗi. Ban ce ƙasashe ba su da dalilin tsoron juna ba. Na san kyamarar da ke kallon kogi tana iya kallon barikin soja, kuma waɗanda suka rubuta dokar ba mahaukata ba ne. Abin da na gani da idona dai shi ne, manya suna rigimarsu a sama, su gaisa a layin abinci, amma wanda katinsa ke daina buɗe ƙofa ƙaramin ma'aikaci ne mai mata da hayar gida. Kuma na koyi wani abu game da kaina da ban so sani ba: ba ni da wahalar lallashi. Tambaya uku yayata ta yi mini na karɓi kujerar. Da za a sake, ina jin zan sake karɓa, kuma wannan ya fi damuna fiye da wasiƙar.

Bara farfesa ya kira ni. Ya tsufa, zai yi ritaya, ana kwashe kayan ɗakin gwaje-gwajen. Ya ce wata makarantar sakandare ta roƙi a ba ta tauraron ta ajiye a akwatin gilashi don ɗalibai su riƙa gani, amma ba ya so ya bayar sai ya ji daga bakina. Na ce ya ba su. Daga baya malamar kimiyyar makarantar ta rubuto mini, ta ce duk ranar da na samu sarari in zo in gan shi a inda suka ajiye. A nan Bronx makarantar take, tasha huɗu a jirgin ƙasa daga gidana. Na ce mata zan zo ranar Asabar. Ban dai ce mata wace Asabar ba, ita ma ba ta sake tambaya ba.